Duron Baba a Kan Murhu

"To, in ba a dafa shi, me zai sa ya kama zane?"

"Jira," in ji Malam Maikano. "Sau uku ke nan kina zagayowa kan maganar wuta, 'yata. Baba ba tuwo ba ne. Jiƙa shi ake yi, a rufe, a ba shi kwanakinsa."

Ikilima ta sunkuyar da kai tana murmushin kunya. A durƙushe take a bakin ramin rini, a tsohon karofin da ke bayan kasuwar Sara, warin baba yana dukan hancinta. Ramuka sun fi ashirin a wurin, amma duk sun bushe, wasu ciyawa ta cinye su, wasu an mai da su juji. Guda ɗaya ne ya rage da rai, shi ne wannan da tsohon ya yaye wa murfin kaba. Kumfa ce kwance a samansa, shuɗiya da ɗan ja-ja kamar wuyan tattabara. Ya tsoma wani farin ƙyalle, ya murza shi a hankali a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago. Kore ya fito. Har ta buɗe baki za ta ce bai yi ba, sai ta ga koren yana juyewa a gaban idonta, iska tana taɓa shi yana ƙara duhu, har ya tsaya a wani shuɗi mai zurfi wanda kalar gwangwani ba ta taɓa ba ta irinsa ba. Babu itace, babu hayaki, babu wanda ya yi tari. Idonta ya ciko da ƙwalla, ta kau da kai don kada mijinta Taufiq, wanda ya kawo ta a motarsa, ya gani ya samu abin tsokana a hanya.

Gidan rini da ɗinki take da shi a Birnin Kudu, mata tara ne ke aiki a ƙarƙashinta. A shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano aka haife ta, kuma Malam Maikano ya ce a wannan shekarar duk ramukan nan a cike suke, har daga Kano ake kawo musu fararen yadi. Ita kuwa ta tashi ba ta san wani rini ba sai na kalar zamani, wadda sai an tafasa ruwa a duro kafin ta kama shadda. Murhu shida ne a tsakar gidan sana'arta. Duk mako a-kori-kura takan sauke musu itace daga wajen Farin Dutse, kuma duk lokacin da ta bi hanyar sai ta ga dajin ya ƙara haske, inda ta san inuwa tun tana yarinya yanzu rana ce tsirara.

A wani taron masu ƙananan sana'o'i a Dutse ta fara jin ana cewa kowace sana'a tana da sawun da hayaƙinta ke bari a sama, shi ne yake taruwa yana ƙara zafin duniya yana rikita damina. Da ta dawo ta sayar da janareto ta sa sola, ta daina ƙona ƙyallaye ta mai da su jakunkuna. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Murhunan ne suka gagare ta, kuma da ƙila ta bar su haka nan, ba don Inna Hapsatu ba.

Inna Hapsatu ƙanwar mahaifiyarta ce, ita ta goya ta bayan rasuwar uwar, kuma ita ce mai wutar gidan rinin shekara goma sha ɗaya. Ita ke hurawa, ita ke izawa, ita ke sa bayan hannu a jikin duro ta ce a zuba kala ko a dakata, ba ta taɓa kuskure ba. Sai tari ya kama ta, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Likita ya duba hoton ƙirjinta, sannan ya ce in ana son ta ga wasu damunan, a raba ta da hayaƙi. Tun ranar Ikilima ta daina ganin hayaƙin nan a matsayin abin da ke tashi sama. Cikin ƙirjin matar da ta goya ta take ganin yana shiga.

Malam Maikano bai yi mata rowa ba. Ya ba ta dunƙulen busasshen baba, da katsi, wato lakar ƙasan tsohon rami da aka ƙona aka daka, da jarka ɗaya ta ruwan ramin mai rai, wanda ya ce shi ne zai tayar da sabon. Ya faɗa mata yadda za ta haɗa, da yadda za a riƙa juyawa da muciya safe da yamma. Ya ce ɗansa Sada ya gama shiri, da damina ta ɗauke zai cike ramukan ya gina shaguna, shi kuma ba shi da ƙarfin hana shi. A ƙarshe ya ce ta binne mazubin a ƙasa har wuya, domin ƙasa ce bargon baba. Ta ce to. Amma hankalinta yana kan ƙyallen da ke hannunta, tana ta jujjuya shi a rana, maganar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

A mota Taufiq ya ce yau dai ya ga abin mamaki, mace ta zo garin mutane ta ɗauki Baba a jarka. Ta ce ya kalli hanya, in ya zubar mata da shi a ramukan titin nan, shi ma a jarka za a mai da shi gida.

Tsakar gidan rinin dai siminti ne tun daga ƙofa har bango. Da ta tuna maganar binnewa sai ta dubi simintin, ta dubi ruwan sama da yake malala a kansa duk lokacin da aka yi hadari, ta ce ai duro duro ne. Ta sa aka wanke mafi girma tas, aka ɗora shi a kan duwatsun murhun farko a ƙarƙashin rumfa, inda duro yake zama tun da aka buɗe gidan. Nan ta haɗa baban da hannunta, ta juye jarkar tana bisimilla, ta rufe da buhu. Sannan ta tara matan ta ce daga yau an kashe wuta. Ankon bikin gidan Hajiya Batulu da ke hannunsu, wanda saura mako uku, da baba za a rina shi, Hajiyar ta ga ƙyallen ta amince.

Matan suka dubi juna, kallon waɗanda ba su yarda ba amma ba za su ja ba. Inna Hapsatu ce kaɗai ta yi magana. Ta ce ita fa tun da aka fara zancen sawun hayaƙin nan take leƙa sama, har yau ba ta ga ko ɗan yatsa ba, balle dunduniya. Aka yi dariya, ita ma ta yi, dariyar ta ƙare mata da tari.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya canza kama. Bangon da ya yi baƙi ya fara nuna farar ƙasarsa inda ruwa ya wanke. Ana jin ƙarar kekunan ɗinki sosai, babu fashewar itace. Tarin Inna ya yi sauƙi, har ta yi kwana biyu ba ta nemi maganinta ba, Ikilima kuwa ta riƙa kallonta a ɓoye zuciyarta tana narkewa don daɗi. Abin da ba ta lura da shi ba shi ne yadda tsohuwar ke wuni. Da safe takan ɗauki tsintsiya ta share murhunan da babu toka a cikinsu. Ta gyara tarin itacen da ya rage, ta sake gyara shi. Daga nan ta zauna a kujerar tsugunno kusa da duron, hannuwa a cinya, tana kallon masu ɗinki suna kai da kawowa. Wani lokaci takan miƙa bayan hannu ta taɓa jikin duron, ta janye.

A rana ta biyar kumfa ta taso. 'Yar kaɗan ce a gefe, amma launinta shi ne na ramin Sara. Ikilima ta kira kowa ya zo ya gani, ta rungume Basma, babbar mai ɗinkinta, har ta taka ƙafarta. Ta koma gida da yamma tana jin kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

Washegari tun kafin asuba aka tsuge da ruwa, mai iska da sanyi. Bai tsagaita ba sai da hantsi, don haka ta makara. Tana karyo kwanar layin ta ji warin hayaƙi. Da farko ta ce na maƙwabta ne. Amma hayaƙin ɗanyen itace ne, fari mai kauri, kuma ta saman katangarta yake fitowa. Ta jefar da lemar da ke hannunta ta shiga da gudu.

Inna Hapsatu, wadda ɗakinta yake cikin gidan rinin, tana durƙushe a gaban murhun farko, kumatu a cike da iska tana hura wuta, idanunta jajur suna zubar da ruwa. Wutar ta kama sosai. Buhun da aka rufe duron da shi yana fitar da tururi. Ikilima ta fizge buhun, ta ga ruwan yana motsi a hankali irin na dab da tafasa. Kumfar ta watse. Abin da ya rage wani ruwa ne mai launin toka, da 'yar baƙar laka tana yawo a ciki.

Ta ja itatuwan waje da hannu, ba ta ma ji ƙunar ba sai daga baya. Sannan ta juya kan tsohuwar. Abin da ta faɗa a lokacin, har ta mutu ba za ta so ta tuna shi ba. Ta ce an faɗa an maimaita ba a sa wuta, ko kunnen ne ya tsufa. Ta ce duk wahalar nan don wa ake yi. Ta ce mutum a ce ana ƙoƙarin ceton ransa shi kuma yana rusa aikin da hannunsa. Matan da suka fara shigowa suka tsaya cirko-cirko a ƙofa.

Inna ba ta ɗago ba. Cikin ƙaramar murya ta ce, "Na taɓa shi na ji ya yi sanyi, Ikilima. Ya fi na jiya sanyi, ya fi na shekaranjiya. Na ga a kan murhu yake. Ni tun da nake ban taɓa ganin an ɗora duro a kan murhu an bar shi yana jin sanyi ba."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango, ta shige ɗakinta.

Ikilima ta nemi lambar Sada, ta roƙe shi ya kai wa mahaifinsa wayar. Tsohon ya saurare ta har ta gama, ya sa ta shinshina ruwan ta faɗa masa abin da ta ji, ya sa ta tsoma ƙyalle ta ɗaga. Ƙyallen ya fito jiƙaƙƙe kawai, iska ta taɓa shi ba ta same shi da komai ba. Ya ce ya mutu, a zubar. Sannan ya tambayi zurfin ramin da ta binne duron a ciki.

Ta dubi duron da ke tsaye a kan duwatsun murhu. Da ya sake tambaya ta faɗa masa gaskiya.

Ya yi salati a hankali. Ya ce duron ƙarfe a tsaye a waje, a irin wannan ruwan, ko ba a sa masa wuta ba sanyi ne zai kashe shi kafin jibi. Ya tambayi wanda ya hura wutar, da abin da ya sa. Da ta ba shi labari sai ya ce:

"Da bayan hannu ta gane ya fi na jiya sanyi?"

"Haka ta ce, Malam."

"To hannunta gaskiya ya faɗa mata, magani ne ta kuskure. Ni shekara bakwai na yi a bakin rami kafin hannuna ya fara jin wannan bambancin. Ke kin ji?"

Ba ta ji ba. Ita ma ta taɓa duron jiya, ba ta ji komai ba sai ƙarfe.

Ya ce ramin nasa zai iya ba da jarka ɗaya kuma, amma ba zai sake bayarwa a ɗauka a tafi ba, nan ya yi kuskure. Duk mai so ya zo ya zauna a bakin ramin mako biyu ko uku, ya ga yadda baba yake tashi da yadda yake kwanciya, kafin Sada ya kawo masu gini.

Da ta ajiye wayar matan suka kewaye ta. Basma ce ta yi magana da yawunsu, kuma ba maganar banza ta yi ba. Ta ce itace yana nan, kala tana nan a sito, in aka hura murhu shida yanzu, jibi anko ya bushe ana yanka. Hajiya Batulu shuɗi take so, ba za ta tsaya shinshina zane ta ji ko da me aka rina ba. In kuwa aka saɓa mata, ita ce bakin matan garin nan, duk bikin da za a yi bana wani gidan za a kai. A yi wannan ɗaya kawai, daga baya a koma wa baban a tsanake.

Ikilima ta dubi tarin itacen. Ta san Basma ta faɗi gaskiya. Ta kuma san wanda zai hura murhu shidan, domin babu wata a cikinsu da ta san wutar rini sai mutum ɗaya. Kuma ta san kanta: in ta yarda da wannan ɗaya, wani bikin yana bayansa, damina za ta ɗauke, a cike ramin Sara, ita tana nan tana cewa daga baya.

Ta ce su ba ta minti kaɗan. Ta yi sallama a ƙofar ɗakin Inna ta shiga.

Tsohuwar tana zaune a bakin gado. A gabanta ga zannuwanta a ninke cikin wani babban ɗankwali, ta ɗaure kusurwa biyu, saura biyu. Butarta da carbinta suna gefe. Ikilima ta durƙusa a ƙasa kamar yadda take yi tana yarinya in za a yi mata kitso. Ta ba da haƙuri, kalmomin suna sarƙewa da kuka. Ta ce laifin nata ne, an ce ta binne ba ta binne ba.

Inna ta ce babu komai, ɗa ba ya yi wa uwa laifin da ba ya wankuwa. Surko za ta koma wurin ɗan'uwanta, dama ta ji 'yan matan suna faɗa tun ranar da aka kashe wuta, cewa in babu murhu Inna sai ƙauye. Ba ta ji haushinsu ba, gaskiya suka faɗa. Ba ta iya keke ba, idonta ba ya ganin kafar allura. Ta ce kwana biyar ɗin nan da ta yi a zaune sun fi mata tarin ciwo.

"Da na ji duron ya yi sanyi," ta ce, "wallahi har daɗi na ji. Na ce ashe dai akwai sauran abin da zan yi a gidan nan."

Ta yi tari, mai tsawo, hayaƙin safiyar ya tayar da abin da ya kwanta. Da ya lafa ta goge bakinta ta ce in Ikilima tana so, ta bari ta hura mata murhunan wannan karon ta fitar da ita kunyar Hajiya, sannan ta tafi. Wannan dai ta iya.

Ikilima ta kama hannun Inna na dama, ta juya bayansa. Fatar ta yi sulɓi ta yi duhu, babu gashi ko ɗaya, shekara goma sha ɗaya na taɓa ƙarfe mai zafi. Duk lissafinta na kashe wuta, ta tuna da dajin Farin Dutse, ta tuna da sama, ta tuna da ƙirjin Inna, ba ta tuna ta tambayi Innar kanta me za ta yi da wuninta ba. Ta faɗa mata abin da Malam Maikano ya ce game da hannun, kalma da kalma. Inna ta ce tsohon dai yana da daɗin baki. Amma ta janye hannun ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

Ikilima ta ja ɗaurin zannuwan, ta ƙarasa ɗaure sauran kusurwa biyun da kanta, ta ɗauka ta fito da shi tsakar gida. Matan suna nan inda ta bar su, Basma har ta ɗauko ashana. Taufiq ma ya iso, wata ta kira shi, yana tsaye a ƙofa da makullin mota a hannu yana kallon mataccen ruwan da ke duro.

Ta miƙa masa ɗaurin.

"Basma, ajiye ashanar nan. Ba za a sake hura wuta a gidan nan ba. Yanzu zan je wurin Hajiya Batulu da ƙafata in ba ta haƙuri, ta kai ankonta inda za a yi mata da wuri. Ku kuma ku nemo mai fasa siminti, a haƙa rami a nan. Gobe da safe Taufiq zai kai mu Sara, ni da Inna. Ni zan dawo da yamma in riƙe ɗinki. Ita za ta zauna a bakin ramin Malam har ta koya, in ta dawo ita ce mai rinin gidan nan."